Sharhi: Ofis ya koma cikin waya, wa zai koya wa mutanen Zongo shiga?

A watan Afrilun 2020, lokacin da korona ta sa aka hana fitar dare a Lome, gwamnatin Togo ta fito da shirin tallafi mai suna Novissi. Babu layi, babu takardar cikewa, babu zuwa gaban wani ma'aikaci. Mutum zai danna *855# a wayarsa, ya shigar da lambobin da ke jikin katinsa na zaɓe, in ya cancanta sai kuɗi su faɗo masa ta TMoney ko Flooz. Mace sefa 12,250 a wata, namiji 10,500, ɗan zemijan 20,000. Sama da mutum rabin miliyan suka amfana a zagayen farko, kuma ƙasashen waje sun yi ta yabon Togo a kan wannan dabara. Yabon ya dace. Amma shirin ya nuna wani abu da ba a cika faɗa ba: wanda ba shi da katin zaɓe bai shiga ba, wanda kuma yake da katin amma bai iya karanta Faransancin da ke fitowa a fuskar waya ba, sai da ya miƙa wa wani wayarsa da katinsa ya ce a taimaka. Wasu sun dace da mutanen kirki. Ba kowa ya dace ba.

Abin da aka gani a Novissi somin-taɓi ne. Tun 2021 ake neman takardar shaidar rashin laifi, wadda kowa ya fi sani da kaziye, ta intanet. A 2022 aka buɗe sabon shafin service-public.gouv.tg, inda ake ta tara ayyukan ofisoshi ɗaya bayan ɗaya, har da neman fasfo da kwafin takardar shaidar zama ɗan ƙasa. Baƙon da zai zo maka daga wata ƙasa mai buƙatar biza, ta voyage.gouv.tg zai nema. A watan Maris na wannan shekarar ta 2022 ne kuma igiyar intanet ta Google mai suna Equiano, wadda aka shimfiɗo ta ƙarƙashin teku daga Turai, ta sauka a gaɓar Lome kafin ta isa Legas. Gwamnati ba ta ɓoye nufinta ba, ta rubuta a tsarinta na 2020 zuwa 2025 cewa tana son kashi 75 cikin 100 na ayyukan ofis su koma ta intanet. Ko an cika wannan adadi ko ba a cika ba, hanyar da aka ɗauka ba ta komawa baya.

Mu dai ba ma cikin masu kukan wannan sauyi. Duk wanda ya taɓa tasowa daga Agoè-Zongo da asuba, ya biya zemijan zuwa tsakiyar gari, ya yini a benci, sannan aka ce masa mai sa hannu ya fita ya dawo gobe, ya san abin da tsohon tsari yake ci. Ɗan kasuwa ba albashi yake ɗauka ba. Ranar da ya rufe shago ya tafi ofis, ranar ta tafi da cinikinta. Ga kuma 'yan kamasho da ke tsaye a bakin ƙofa, waɗanda abincinsu shi ne wahalar da mutane ke sha. In waya za ta raba mu da wannan, madalla. Abin da muke tsoro shi ne a kori ɗan kamasho daga ƙofar ofis, ya zagayo ya zauna a ƙofar waya.

Kuma haka ɗin ke faruwa. Dattijo zai ɗauki takardunsa ya je shagon kwamfuta, ya ce wa yaron da ke wurin, “Ɗana, ka yi mini abin nan na fasfo.” Yaro zai yi, galibi da zuciya ɗaya. To amma kafin a nemi komai a irin waɗannan shafuka sai an buɗe wa mutum asusu, asusu kuma yana tafiya da lambar waya ko adireshin imel da kalmar sirri. Dattijo ba shi da imel, ga mutane na jira, sai yaro ya sa nasa, ko ya ƙirƙiro wani nan take da kalmar sirrin da shi kansa zai manta kafin magariba. Aiki ya yi kyau a ranar. Bayan wata shida, ko shekara biyar in fasfo ya ƙare, sai a nemi shiga asusun a tarar saƙon tabbatarwa yana tafiya wayar wani yaro da ya bar shagon, wataƙila ma ya bar ƙasar. Hoton takardar haihuwar Alhaji da katinsa kuwa suna nan kwance cikin kwamfutar shago, kowa ya zauna zai iya buɗewa.

Maganar layin waya ita ma haka take. Tun 2021 doka ta taƙaita wa kowane mutum layi uku a kamfani ɗaya, kuma dole layi ya kasance da sunan mai shi. Amma gidaje nawa ne a unguwarmu da uwa ke riƙe da layin da aka yanka da katin ɗanta, ko mata da na mijinta, ko yaron shago da na ubangidansa? Muddin waya na hannu, ba a ganin matsala. Ranar da aka sace ta a kasuwa, aka je karɓo layin, sai kamfani ya ce mai sunan ya zo da kansa da katinsa. In yana Abidjan ko Agadez, sai a jira. In ya rasu, magana ta zama ta takardun gado, alhali kuɗin adashin mata goma suna cikin asusun. Wannan gyara ne na rabin yini, kuma ya kamata kowane mai gida ya zauna da iyalinsa su duba layin kowa da sunan wa yake.

Akwai wata matsala da ta fi shafarmu fiye da sauran 'yan ƙasa, ita ce ta rubutun suna. Sunayenmu daga Larabci da Hausa suka fito, ma'aikatan da suka rubuta su kuma da kunnen Faransanci suka ji. Shi ya sa za ka ga mutum ɗaya shi ne Mahamadou a takardar haihuwa, Mohamed a katin zaɓe, Mouhamed a takardar makaranta. Aboubakar a nan, Aboubacar a can. Wani an sa sunan ubansa a matsayin sunan dangi, ƙanensa uwa ɗaya uba ɗaya an sa na kakansu. Dattawa da dama ba su da ranar haihuwa a takarda, sai dai “né vers”, wato an haife shi wajen shekara kaza, saboda hukuncin kotu ne ya tsaya musu a madadin takardar haihuwa. A da, ma'aikaci zai dubi takardun, ya dubi fuskarka, ya gane mutum ɗaya ne, ko ya gaya maka inda za ka je a gyara. Na'ura ba ta da wannan. Harafi ɗaya ya saɓa, sai ta mayar da buƙatarka da jimla ɗaya ta Faransanci, kai kuma ba ka san laifin me ka yi ba. Daga nan sai zargi ya shigo, a ce ai don an ga sunan Musulmi ne. Wani lokaci ana iya samun son zuciya a wurin ɗan Adam, ba mu musanta ba. Amma sau da yawa “c” ce ta zauna inda “k” take.

Dalilin da ya sa muke nauyaya wannan batu, tarihinmu ne. Zongon Lome ya girmi 'yancin kan Togo nesa ba kusa ba, tun zamanin Jamus fatake ke sauka a nan. Duk da haka a 1977 aka rushe tsohon Zongo da ke tsakiyar birni, aka kwashe mutane zuwa bayan gari ta arewa, inda muke yanzu. Jikokin waɗanda aka kwasa a nan aka haife su, a nan aka haifi iyayensu, amma har yau akwai wanda in ya ji Hausa a bakinka zai tambaye ka daga ina ka zo. Al'ummar da ake yi wa irin wannan tambaya ba ta da halin sakaci da takarda. Yanzu ga hukumar ANID tana rajistar e-ID, inda ake ɗaukar hoton fuska da zanen yatsu da ƙwayar ido a ba mutum lamba guda wadda za ta bi shi har abada. Dokar 2020 da ta kafa tsarin ta haɗa da 'yan ƙasa da baƙi mazauna, saboda haka lambar ba shaidar zama ɗan ƙasa ba ce, kuma ba tarkon kama baƙo ba ce. Wanda ya je, kada ya tashi daga kujera sai an karanta masa sunan da aka rubuta, harafi bayan harafi, ya gwada da takardarsa mafi tushe.

Sai kuɗi. A nan mutanenmu ba baya suke ba. Mai sayar da goro, mahauci, direban da ke jiran lodi zuwa Cinkassé da Yamai, duk sun saba da tura kuɗi ta waya, kuma yawancin wannan ba ya ma buƙatar intanet, lambobin tauraro da ake dannawa suna aiki a ƙaramar waya mai maɓalli. Sayen kuran na mitar CEET da tsakar dare ba tare da an fita ba, kowa ya ɗanɗana daɗinsa. Sai dai sabo da abu daban, fahimtarsa daban. Tsohuwar da ta tashi da lissafin dala, wadda in ta ce ɗari biyu tana nufin jaka guda, waya ba ta san wannan lissafi ba. Abin da aka rubuta shi take turawa. Sifili ɗaya ya ƙaru, jaka biyar ta zama jaka hamsin. Da yawa kuma sun ba mai shagon tura kuɗi lambar sirrinsu, shi ke danna musu, har ya haddace ta wasu. A ƙarshen 2024 da Togocom ta koma Yas, TMoney ya koma Mixx by Yas, an ga yadda canjin suna kawai ke rikita wanda bai san yadda abin ke aiki ba. Irin wannan lokaci ne ɗan damfara ke so, ya kira ya ce daga kamfani ne, za a sabunta maka asusu, kawo lambarka.

Kasuwancin Zongo a kan amana aka gina shi. Wani Bafaranshe mai bincike, Michel Agier, ya zauna da 'yan kasuwar unguwar nan ya rubuta littafi a kansu a 1983, kuma abin da ya fi jan hankalinsa shi ne yadda mai gida da dillali da baƙon da ya kawo shanu ke juya dukiya mai yawa ba tare da takarda ba, sai sanayya da mutunci. Wannan abin alfahari ne. Amma amanar nan tana da sharaɗi: ka san mutum, ka san gidansu, ka san wanda za ka kai wa ƙara in ya ci. A waya babu ko ɗaya. Mutumin da ya tashi cikin al'adar da ƙin yarda da maganar babba rashin kunya ne, shi ne ya fi sauƙin faɗawa hannun mai murya mai daɗi da ya yi sallama cikakkiya, ya ambaci Allah, ya ce ya yi kuskuren tura kuɗin maganin mahaifiyarsa zuwa lambarka, don Allah ka mayar. Saƙon da ya nuna kuɗin sun shigo shi ya rubuta shi da hannunsa. Duba asusu kafin a mayar da komai bai fi minti ɗaya ba, amma sai wanda aka koya wa yake yi.

Haka satar WhatsApp. Za a kira ka a ce za a sa ka cikin rukunin masu tafiya Umra ko na taimakon marayu, an turo maka lambobi shida, karanto su. Lambobin nan su ne mabuɗin asusunka. Kana faɗa, an fitar da kai, sannan a bi 'yan'uwanka na Kumasi da Kano da Jidda ɗaya bayan ɗaya da sunanka da hotonka ana roƙon kuɗi. WhatsApp yana da wurin sa lambar tsaro ta biyu da ke toshe wannan ƙofa. Kyauta ne, kuma a cikin masu sallah sahu guda da wuya ka sami uku da suka kunna shi.

Wasu dattawa za su ce ai intanet ɗin ne ya lalata yara, yanzu kuma a ce mu ma mu shiga? Maganarsu ba ta rasa gaskiya. Akwai shara a ciki, akwai ɓata lokaci, akwai rigimar malamai da ake yankowa minti ɗaya-ɗaya ana watsawa don a tayar da husuma. Sai dai uban da bai san yadda wayar ke aiki ba, ba shi da ta cewa a kan abin da ɗansa ke kallo. Kuma ƙaurace wa abin ba ya hana a buƙace shi. Mai niyyar Umra ma yanzu sai ta manhajar Nusuk yake samun izinin shiga Rauda a Madina.

Su kuma matasan kada su ɗauka sun gama. Yaron da zai yini a TikTok, ya iya haɗa bidiyo da waƙa, sau da yawa in ka ce ya ɗauki hoton takarda ya mayar da shi PDF, ya rage masa nauyi yadda shafi zai karɓa, ya tura ta imel da gaisuwar da ta dace, sai ka ga yana sosa ƙeya. Bai san bambancin shafin da adireshinsa ya ƙare da gouv.tg da wanda wani ya kwaikwaya ya sa tutar Togo a kai ba. Rajistar Jami'ar Lome, neman gurbin karatu a waje, neman aiki, duk ta nan suke bi. Iya shafa fuskar waya da sauri ba shi ne iya aiki da ita ba.

To wa zai koyar? In muka ce sai gwamnati, za mu daɗe muna jira. Abin da muke da shi a hannu ya isa a fara. Kowace unguwa tana da masallaci mai kwamiti, da Islamiyya mai benci da allo da ke zama babu kowa a wasu sa'o'i, da ƙungiyoyin matasa da ke iya tara kuɗin gasar ƙwallo cikin mako guda. Ba ajin kwamfuta irin na da muke nufi ba, inda ake biyan kuɗin wata uku ana koyon buga wasiƙa. Mutum ya zo da wayarsa da buƙatarsa ta gaske. Yau a buɗe masa imel da sunansa, ya rubuta kalmar sirrin a littafin da yake ajiye lissafinsa, da ajami ma in shi ya iya, ai ba wanda ya ce sai da boko. Mako mai zuwa ya sayi kuran da kansa. Na gaba ya nemi kaziye daga farko har ƙarshe, ya biya, ya adana rasit. A nuna masa Google Translate, wanda yake da Hausa tun 2013, a kuma gaya masa gaskiya cewa fassararsa takan yi tuntuɓe, ta isa a gane inda saƙo ya dosa amma ba ta isa a sa hannu a yarjejeniya ba. Mutanen da suka haddace izu sittin, suke riƙe bashin mutum arba'in a ka, ba matakai shida na manhaja ne za su gagare su ba. Abin da ke hana su shi ne kunyar tambayar ɗan cikinsu, da gajen haƙurin ɗan, wanda zai fizge wayar ya ce “kawo in yi maka, Baba” maimakon ya nuna.

Mata su ne suka fi buƙata, su ne kuma aka fi mantawa. Novissi ya ba mata fiye da maza da gangan, don an san inda kuɗin cefane ke zuwa. Amma matar da wayarta ke hannun ɗanta, lambar sirrinta ke kan mijinta, ba ita ke da asusun ba sai a suna. Mai tuwo, mai ɗinki, mai sayar da atamfa da turare daga cikin gida ta hanyar sa hoto a WhatsApp, duk suna juya kuɗi. 'Yan matanmu da suka yi lise da jami'a suna da yawa yanzu. Su ya kamata su zauna da iyayensu mata a makarantun Islamiyya na matan aure da wuraren zubin adashi, inda ba namijin da zai sa a ji nauyin tambaya.

Wannan bai sauke wa hukuma nata nauyin ba. Ma'aikatar da Cina Lawson ta daɗe tana jagoranta ta nuna tana iya abin da manyan ƙasashe suka kasa. To ta dubi harshe. Shafin da aka yi don kowa amma yake magana da Faransanci kaɗai, ya ware masu Ewe da Kabiye da Kotokoli da Moba da ba su yi lakwal ba, ba Hausawa kawai ba. Bayani na murya a manyan harsunan ƙasa, ko gajeren bidiyo da ke nuna mataki-mataki, ba zai kai kuɗin kilomita ɗaya na kwalta ba. Kada kuma a rufe taga a ofis don an buɗe shafi. A bar wa tsoho da makaho da wanda ba shi da waya inda za su ga ɗan Adam. Ƙananan hukumomin Agoè-Nyivé za su iya ajiye ma'aikaci ɗaya a meri, mai jin harsunan unguwa, wanda aikinsa shi ne taimaka wa mutane su cike buƙatunsu a asusun kansu, da farashi a rubuce a bango in akwai. Ga dokar kare bayanan mutane ta 2019, amma mai shagon kwamfuta nawa aka taɓa gaya wa cewa ajiye hoton katin wani ba da izininsa ba laifi ne? Hukumar ARCEP ta matsa wa kamfanonin waya a kan tsadar forfe da ingancin rezo, kuma muna so ta ci gaba, don mai cinikin jaka biyu a yini yana lissafa kowane mega.

Akwai kuma alkawarin da gwamnati ta ɗauka ba tare da ta furta ba. A watan Satumban 2017, lokacin zanga-zanga, an katse intanet a ƙasar nan na kwanaki, kuma a watan Yunin 2020 kotun ECOWAS ta yanke hukunci cewa katsewar ta saɓa wa haƙƙin jama'a. A wancan lokaci abin da aka rasa yawanci labarai ne da hira da ciniki. Yau in aka katse, an rufe ofishin fasfo da na kaziye da rajistar ɗalibai a lokaci guda. Wanda ya ce wa jama'a su bi ta wannan ƙofa, ba shi da hurumin kulle ta duk ranar da ransa ya ɓaci.

Muna kira ga limamai da sarakunan Zongo da shugabannin matasa su sa wannan a ajandar zamansu na gaba. Abin da ake buƙata bai wuce aji ɗaya na Islamiyya ranar Asabar bayan la'asar ba, da matasa huɗu ko biyar da unguwa ta san iyayensu, da kuɗin forfe da za a iya cirewa daga asusun masallaci ko wani mai hali ya ɗauka. A kafa sharaɗi biyu tun ranar farko, a faɗe su da ƙarfi kowa ya ji. Mai koyarwa ba zai karɓi waya daga hannun mai ita ba, da baki zai nuna, mai waya ya danna da yatsansa ko da zai ɗauki minti goma. In kuma aka zo wurin sa lambar sirri, mai koyarwa ya juya baya har sai an ce masa an gama.